Ga masu son rage ƙiba: a kula da yawan loma

Salamu alaikum 'yan uwa. Mu nan Kebbi ba mai raba mu da shinkafa, kuma ba sai an daina cinta ba. Yawan da ake zubawa ne matsalar.

Cin abinci a tire ɗaya da jama'a shi ke ɓatar da lissafi, don ba ka sanin nawa ka ci. Ɗebi naka a ƙaramin faranti. Tuwon shinkafa ko na dawa, malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunka ta isa. Rabin farantin kuma a cika shi da ganye: kwaɗon zogale, rama ko alayyahu, sai kifi gasasshe a gefe, ga shi Allah ya hore mana shi daga Argungu har Yawuri.

Mai kuwa, masu girki a riƙa auna shi da cokali, a bar tuttulawa daga kwalba. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da kusan kalori 120 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), mai cin shinkafa da wake kan zuba cokali uku bai ma lura ba.

A ci a hankali, ƙoshi yakan ɗauki kamar minti 20 kafin a ji shi. Mai ciwon suga ko mai juna biyu, a fara tuntuɓar likita.