Injin motsa jiki na gudu ko na feda: wanne za ka saya?

Ni dai gwiwa nake fara dubawa. In tana maka ciwo, ko kana da ƙiba, ɗauki injin feda mai hannuwa biyu, wanda ake takawa a tsaye. Tafin ƙafarka ba ya barin mataki, don haka gaɓoɓi ba sa shan dukan da gudu ke jawowa. In gwiwa lafiya lau, kuma kana son ƙashi ya yi ƙwari, injin gudu ya fi.

Sai maganar wuta. Injin gudu mai aiki da lantarki yana tsayawa cak da an ɗauke, na feda kuwa da yawa ƙafarka ce ke juya su.

Kafin ka biya, hau kowanne na minti 10 da takalmin motsa jikinka. A na gudu, don Allah maƙala igiyar tsayarwa a rigarka tukuna, wato wadda ke tsayar da injin in ka faɗi.