Kurakuran da aka fi yi wajen ba da tarihin rabuwar Katolika da Furotesta

Kuskuren da ya fi yaɗuwa shi ne cewa Martin Luther ya fice daga cocin Katolika a 1517 ya kafa nasa. A ranar 31 ga Oktoban wannan shekara, Luther, wanda fada ne, wato limamin coci, kuma malamin tauhidi a jami'ar Wittenberg ta Jamus, ya aika wa Babban Bishop na Mainz batutuwa 95 da ke sukar cinikin takardun sassauta horon zunubi, waɗanda wani kaso na kuɗinsu ke tafiya ginin cocin Bitrus a Rum. Gyara yake nema daga cikin gida, kuma Fafaroma Leo na 10 bai kore shi ba sai a Janairun 1521. Su ma takardun sassaucin ana yi musu mummunar fahimta, domin a koyarwar coci ba gafara suke saya wa mutum ba, horon da ya rage bayan tuba suke ɗagewa. Masu wa'azi irin su Johann Tetzel ne suka tallata su kamar kayan kasuwa, har talaka ya ɗauka kuɗi na sayen ceto. Mai rubutu ya kamata ya bambanta koyarwar da abin da aka aikata da sunanta, in ba haka ba zai zalunci ɓangarorin biyu.

Sunan Furotesta ma ba daga 1517 ya fito ba. Ya samo asali daga taron Speyer na 1529, inda wasu sarakuna da biranen Jamus suka ƙi amincewa da matakin da aka ɗauka kan mabiya Luther, shi ya sa aka kira su Furotesta, wato masu nuna rashin amincewa. Haka kuma kada a ɗauke su jama'a guda, domin a wannan shekarar Luther da Zwingli, jagoran masu neman gyara a Zurich ta Suwizalan, suka tashi daga taronsu na Marburg ba tare da sun daidaita kan ma'anar Jibin Ubangiji ba, wato ibadar cin gurasa da shan ruwan inabi a coci.

Wasu kan jingina rabuwar Ingila ga Luther, alhali Sarki Henry na 8 ya taɓa yi masa raddi a rubuce a 1521. Ƙin da Fafaroma ya yi na warware auren Henry da Catherine ne ya kai ga dokar 1534 da ta naɗa shi shugaban cocin ƙasarsa. A kula kuma, Martin Luther King na Amurka wani mutum ne daban, na ƙarni na 20.

Abin da ya fi damuna shi ne mayar da Yaƙin Shekara Talatin, na 1618 zuwa 1648, faɗan addini zalla. Addini ne ya kunna wutar a Bohemiya, da ke cikin ƙasar Czech ta yau, amma Faransa, duk da kasancewarta ƙasar Katolika, ta mara wa Suwidin ta Furotesta baya da kuɗi, daga 1635 kuma ta shiga da sojojinta, domin karya ƙarfin gidan sarautar Habsburg, 'yan Katolika masu mulkin Ostiriya da Sifaniya.