Yadda Za A Fahimci Kalmar Geji A Harkar Jirgin Ƙasa

Idan ma'aikacin reluwe ya ambaci geji, yana nufin tazarar da ke tsakanin ƙarafa biyu na layin dogo, kuma ana auna ta ne daga fuskar ciki ta kan ƙarfe ɗaya zuwa fuskar ciki ta ɗayan. Dalilin aunawa ta ciki shi ne, kowace ƙafar jirgi tana da leɓe da ke sauka ta cikin ƙarfen ya riƙe ta, don haka tazarar da ke tsakanin ƙafafun tarago dole ta dace da wannan awo, in ba haka ba jirgin ba zai hau layin ba.

Abu na farko da ya kamata mai amfani da kalmar ya riƙe shi ne lambobi biyu. Tsohon layin da Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa, wanda ya isa Kano a 1911, gejinsa milimita 1,067 ne, wato ƙafa uku da inci shida. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, daga Idu zuwa Rigasa, nasa milimita 1,435 ne, kuma shi ne gejin da ya fi yawa a duniya. Bambancinsu milimita 368 kacal, bai kai kamu ɗaya ba, amma ya isa ya hana kan jirgin Rigasa bin tsohon layin zuwa Zariya. Inda layuka masu geji daban suka haɗu, galibi sai an sauke kaya da fasinjoji an sauya musu jirgi.

Wajen rubutu, a ce “ƙaramin geji” ga na farko, a ce “daidaitaccen geji” ga na biyu, sannan a kawo lambar sau ɗaya domin mai karatu ya gane. Masu labarai sun saba cewa “layin dogo na zamani”, kuma a ganina wannan suna yana ruɗarwa, domin awon 1,435 tsoho ne da ya samo asali daga Ingila, har majalisarsu ta kafa masa doka a 1846. Kada kuma a kira shi “babban geji”, tunda akwai waɗanda suka fi shi faɗi, kamar na Rasha mai 1,520 da na Indiya mai 1,676.