Yadda nake tafiyar da atisayen dattawa don rage faɗuwa

Duk wanda ke son tara dattawa su motsa jiki tare, ya fara sanin cewa yawo kaɗai ba ya hana faɗuwa. Yana da amfani ga zuciya, ba musu. Amma ƙafar da ba ta saba ɗaukar jiki ita kaɗai ba, ranar tuntuɓe ba za ta ceci mai ita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin uku na masu shekara 65 zuwa sama yana faɗuwa a kowace shekara. Shawararta ta 2020 ita ce su riƙa atisayen daidaita tsayuwa da ƙarfafa tsoka kwana 3 ko fiye a mako.

Kafin kowa ya shiga sahu, sai na gwada shi. Ya tashi daga kujera, ya taka mita 3, ya juyo ya zauna. Wanda ya kai daƙiƙa 12 ko fiye, kusa da ni zai riƙa tsayawa. Nakan kuma tambayi maganin da mutum ke sha, musamman na barci da na hawan jini, don suna iya sa jiri. Mai ganin duhu-duhu in ya miƙe, ya fara ganin likita tukuna.

Wurin ya kasance da haske, ƙasa ba santsi, kowa da kujera mai nauyi a jingine da bango. Takalmi ya riƙe diddige. Silifas a bar shi a ƙofa. Mutum goma sun ishi mai jagora ɗaya, fiye da haka ido ba ya kaiwa.

Bayan an ɗan ɗumama jiki, uwa-uba shi ne tashi-zauna: a miƙe daga kujera ba dafa hannu, a koma a hankali, kada a faɗa mata jagwab. Sau 10, a huta, a sake. Sai ɗaga diddige a tsaya kan yatsu, tafiya gefe-gefe, tsayuwa da ƙafa ɗaya, da jera ƙafafu diddige na taɓa yatsun ta baya. Yawancinsu suna cikin shirin Otago na ƙasar New Zealand, wanda gwaje-gwaje suka nuna ya rage faɗuwa da kusan kashi 35 cikin ɗari.

Inda rukuni da yawa ke lalacewa shi ne tausayi. Mai jagora yana jin nauyin dattijo, sai ya bar shi riƙe da kujera gam da hannu biyu wata da watanni. A haka jiki ba ya koyon komai. Ɗan tangaɗin nan shi ake nema, matuƙar akwai abin kamawa kusa. Daga hannu biyu a koma ɗaya, sai yatsa ɗaya, sai a saki. Nakan ce, “Baba, yau yatsa ɗaya kawai,” in tsaya a bayansa.

Gasa kuwa ba na yarda da ita. Da zarar wani ya fara leƙen na kusa da shi don ya wuce shi, nakan canza musu wuri. Amfanin taron shi ne a ci gaba da zuwa, domin ƙarfin yana zubewa in an daina. Shi ya sa kowa ke da abokin da zai kira shi a waya ranar da aka ga kujerarsa babu kowa. Wanda ya yi jinya ya dawo, hannu biyu zai sake farawa da shi.