Yadda Ake Gyaran Esi a Gida Ba Tare da Asarar Kuɗi a Kan Gas Ba

A garuruwa irin su Kano, Sakkwato da Maiduguri, na'urar sanyaya ɗaki, wadda kowa ke kira esi, takan shafe watannin hunturu a kashe tana haɗiyar ƙura. Da zarar bazara ta kama a watan Maris, zafi ya doshi digiri 40, sai a kunna ta ana jiran sanyi, ita kuwa ta riƙa huro iska mai ɗumi. A lokacin ne kowa ke neman mai gyara a rana ɗaya, kuɗin aiki ya hau, kuma maganar da mai gida ya fi ji ita ce "gas ya ƙare". Gas ɗin esi kuwa ba ya ƙarewa kamar man fetur, domin zagayawa yake yi a cikin rufaffen bututu, idan ya ragu to akwai inda yake tsiyaya. Saboda haka bincike yana farawa ne daga abin da ba ya cin ko sisi.

Matakin farko shi ne wanke ƙura. A kashe wuta daga soket, a ɗaga murfin na'urar da ke cikin ɗaki, a zaro ragogin nan biyu masu tace iska. A gidan da ba a taɓa su ba tun damina, za a same su sun yi kauri kamar bargo, har mutum ba ya iya hango haske ta cikinsu. A wanke su da ruwa, a shanya a inuwa, a mayar bayan sun bushe. Sannan a zaga waje a wanke bayan injin da tiyo, ba da ƙarfi ba, domin siraran ƙarafan da ke jikinsa saurin lanƙwashewa gare su. Idan an yi masa keji saboda ɓarayi, a tabbata kejin bai matse shi ba, kuma ba a jibga tarkace a gabansa ba, tunda injin da bai fitar da zafi ba ba zai ba da sanyi ba.

Mataki na biyu shi ne duba ƙarfin wuta. An ƙera waɗannan na'urori ne don wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240, amma a unguwanni da yawa wutar takan yi rauni da yamma, lokacin da kowa ya dawo gida ya kunna kayansa. Alamar ita ce fankar waje tana juyawa, kwamfaresa, wato injin da ke matsa gas yana zagaya da shi cikin bututu, ya yi gurnani na ɗan lokaci ya yi shiru, can ya sake gwadawa. Duk wannan gwaji cin ransa yake yi. Maganin shi ne sitabilaiza da ta fi ƙarfin na'urar, da waya mai kauri wadda aka ja mata ita kaɗai. Idan an ɗauke wuta an dawo da ita, ko an juya zuwa janareta, a jira aƙalla minti 3 kafin a kunna. Ƙaramin janareta kuwa ba ya ɗaukar esi irin na da, domin wutar da kwamfaresa ke ja a lokacin tashi ta ninka wadda yake ci yana aiki sau da yawa.

Idan an yi waɗannan biyu sanyi bai dawo ba, kafin a kira kowa a tsaya a lura. Ruwan da ke ɗiga a bango yawanci toshewar bututun fitar da ruwa ne, gyara mafi araha ke nan. Ƙanƙara a kan siririn bututun jan ƙarfe, alhali raga tana da tsabta, tana nuna gas ya ragu. Danshin mai da ƙura ta manne masa a kan notin da ya haɗa bututu da inji yana nuna inda yake fita. A kuma ɗauki hoton takardar da ke manne a gefen injin waje, domin a nan aka rubuta irin gas ɗin, R22 ne ko R410A ko R32, da nauyinsa a giram.

Idan mai gyara ya zo, a nemi ya fara auna kafasita, wato ɗan gwangwanin da ke taimaka wa kwamfaresa tashi. Zafi da wuta marar ƙarfi suna kashe ta da wuri, sau da yawa ma ana ganin samanta ya kumbura, kuma kuɗinta bai kai ko kusa da na kwamfaresa ba. Na taɓa tsayawa a gidan wani maƙwabcina da aka riga aka yanke masa hukuncin sayen sabon kwamfaresa, sai mai gyara na biyu ya buɗe murfi, ya canza gwangwanin nan, na'urar ta tashi kafin a gama zuba masa shayi. Canza kafasita ba aikin mai gida ba ne, domin kafasita tana riƙe wuta ko bayan an cire soket.

Batun gas ne ya fi bukatar mai gida ya tsaya a wurin da kansa. Aiki na ƙwarai yana da tsari: a nemo inda yake tsiyaya, ko da kumfar sabulu ce aka shafa a kan mahaɗai, a sake ɗaure notin ko a yi walda, a sa injin zuƙe iska ya kwashe iska da danshin da suka shiga bututu, sannan a zuba gas daidai nauyin da takarda ta faɗa. Wanda ya zo da tukunya kawai ya ƙara gas ya karɓi kuɗi, to zai dawo bayan makonni kaɗan ya sake karɓa, mai gida kuma ya zama kamar mai zuba ruwa a kwando. Kada a yarda a haɗa gas iri biyu, domin R410A yana aiki da matsi da ya fi na R22 nesa ba kusa ba, kuma man da ke cikin kwamfaresansu ba iri ɗaya ba ne. R32 yana iya kama wuta, don haka ba a walda sai an tabbata babu sauransa a bututu. Gas ɗin da arharsa ta yi yawa ma abin zargi ne, saboda akwai jabu a kasuwa, kuma ba laifi ba ne a nemi ganin tukunyar.

Wajen ciniki, kada a karɓi farashi dunƙule. A ce wa mai gyara ya raba shi uku: kuɗin kaya, kuɗin gas da kuɗin aiki. Kusan duk kayan gyara daga waje ake shigo da su, galibi ta Legas, inda kasuwar Alaba take, don haka farashinsu dala yake bi, musamman tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023, kuma abin da aka biya bara ba ma'auni ba ne. Abin da ya fi shi ne a tambayi shaguna biyu ko uku, a Kano misali a Sabon Gari, a ranar da za a yi aikin. Wanda ke zaune a ƙaramin gari ya sa kuɗin mota a lissafi. A tambaya ko kayan sabo ne ko na hannu, a karɓi tsohon da aka cire, a kuma riƙe cikon kuɗin aiki har na'urar ta yi awa guda tana sanyi.

Idan dai kwamfaresa ne ya ƙone da gaske, sai a zauna a yi lissafi. R22 yana cikin iskokin da yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa ake janyewa, kuma ƙasashe masu tasowa suna da wa'adin 2030, wato tsohuwar na'ura mai amfani da shi ƙara tsadar riƙo za ta yi. Ga kuma kuɗin wuta: a watan Afrilu na 2024 aka mayar da yunit ɗaya naira 225 ga 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wa awannin wuta a rana, kuma esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana cin yunit ɗaya da ɗoriya a awa, kusan naira 2,000 ke nan a awa 8 a wancan farashi. Sabbin na'urori masu inbata, wato waɗanda kwamfaresansu ke rage gudu ko ƙarawa gwargwadon bukata, sun fi tsimin wuta, musamman idan an ajiye su a digiri 24 maimakon 16, sai dai allon lantarkin da ke cikinsu yana da tsada kuma ba kowane mai gyara ne ya iya shi ba. Wanda zai saya ya fara tambaya ko ana samun allon a garinsu, ya kuma sa a toshe ramin da wayoyi ke shiga injin waje, domin ƙadangare ɗaya da ya shiga neman ɗumi ya isa ya ƙona allon.