Darasi na Tara: Sanya Takardar Shaidar Tsaro a Manhajar Imel

Takardar shaidar tsaro ta imel, wadda ake kira S/MIME, aiki biyu take yi. Tana buga wa saƙonka hatimi don mai karɓa ya tabbata daga gare ka ya fito kuma ba a taɓa shi a hanya ba. Tana kuma kulle saƙo yadda sai wanda aka aika wa ne kaɗai zai iya karantawa. Ka ɗauke ta kamar kwaɗo da mabuɗi. Kwaɗon kana raba wa mutane su kulle maka saƙo da shi, mabuɗin kuwa ba ya barin hannunka.

Kamfanoni irin su Sectigo da DigiCert da Actalis na ƙasar Italiya ne ke bayar da ita, wani lokacin kuma sashen kwamfuta na ma'aikatarku. Abin da za ka karɓa fayil ne da sunansa ya ƙare da .p12 ko .pfx, tare da kalmar sirrinsa. Duba ƙarshen sunan da kyau. Idan .cer ko .crt ka gani, kwaɗo ne kawai babu mabuɗi, ba za ka iya buga hatimi da shi ba.

A manhajar imel ta Thunderbird, buɗe Account Settings, ka zaɓi End-To-End Encryption a ƙarƙashin adireshinka. Danna Manage S/MIME Certificates, ka shiga Your Certificates, ka danna Import, ka nuna fayil ɗin, sannan ka rubuta kalmar sirri. Saura mataki ɗaya da mutane da yawa ke mantawa: ka koma shafin baya ka danna Select a wurare biyu, ɗaya na hatimi, ɗaya na kullewa. In ba ka yi haka ba, takardar tana ciki amma ba ta aiki.

A Outlook na kwamfuta na asali (classic) hanyar ita ce File, Options, Trust Center, Trust Center Settings, sai Email Security, inda za ka ga Import/Export. Outlook a ma'ajiyar Windows yake neman takarda, shi kuwa Thunderbird ma'ajiyarsa daban. Shi ya sa danna fayil ɗin sau biyu a Windows ba ya shigar da shi Thunderbird.

Gwaji na farko, aika wa kanka saƙo mai hatimi. Kafin ka kulle wa wani saƙo kuma, sai kana da kwaɗonsa, wato sai ya fara aiko maka da saƙo mai hatimi. Kada ka rubuta sirri a layin kan magana (Subject), domin S/MIME ba ya kulle wannan layin.

Idan manhaja ta ce takardar ba ta da inganci, fara da duba agogon kwamfuta. Kowace takarda tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Tsohuwar kwamfutar da ƙaramin batirinta na CR2032 ya mutu tana komawa shekarun baya duk sanda aka ɗauke wuta, sai ta ɗauka lokacin takardar bai yi ba tukuna. Gyara kwanan wata, ka canza batirin. Idan agogo daidai yake, kwatanta adireshin da ke cikin takardar da wanda kake aikawa da shi, harafi da harafi. Takardar adireshin ofis ba ta yi wa adireshin Gmail aiki. Idan kuma manhajar ta ce ba a san wanda ya bayar da ita ba, takardar tsakiya ce ta kamfanin babu, wato intermediate certificate, wadda ke shaida cewa kamfanin ne ya bayar da taka. Sauke ta daga shafin kamfanin, ka shigar da ita a ɓangaren Authorities da ke cikin Manage S/MIME Certificates na Thunderbird.

Wani lokaci hatimin yakan isa a karye ba tare da laifinka ba, saboda sabar ma'aikata, wato babbar kwamfutar da imel ke bi ta cikinta, ta liƙa wani rubutu a ƙasan saƙo bayan ka aika. Ko harafi ɗaya aka ƙara, hatimi ya lalace. Wannan na masu kula da saba ne. Idan kuwa wani ya ce ya ga ɗan fayil mai suna smime.p7s, hatimin ne, manhajarsa ce ba ta iya karanta shi ba.

Yawanci takardar kan ƙare bayan shekara ɗaya ko biyu. Idan ka karɓi sabuwa, shigar da ita ka zaɓe ta, amma kada ka goge tsohuwar. Duk saƙon da aka kulle maka a bara, da tsohon mabuɗi kaɗai yake buɗuwa. In ya ɓace, saƙonnin suna nan a akwatinka amma ba za su karantu ba, kuma sau da yawa kamfanin ma ba shi da kwafi. Haka abin yake idan aka wanke kwamfuta aka sake mata Windows.

Aikin gida: a Thunderbird, shiga Your Certificates, zaɓi takardarka, danna Backup, ka sa mata kalmar sirri mai ƙarfi. Ajiye fayil ɗin a filashi biyu, ka rubuta shekarar a jikin kowanne. Kalmar sirrin kuma a rubuta ta a takarda, a ajiye a wani wurin daban da filashin.