Yadda zaka gano ƙwayar Z da kanka daga bayanan CERN, kana zaune a Sakkwato

Ɗaliban fiziks da yawa nan Sakkwato suna ɗauka sai ka tafi Janeba sannan ka taɓa irin wannan bincike, alhali CERN, cibiyar binciken ƙananan ƙwayoyin halitta da ke can, ta fara sakar wa kowa bayananta kyauta a intanet tun 2014. Ni dai na ga ƙannenmu da dama sun fara sun watsar, kuma duk wuri ɗaya suke tuntuɓe.

Fara da shafin CERN Open Data, ka nemo fayil ɗin CSV na CMS, ɗaya daga manyan na'urorin CERN, mai miyuwon biyu-biyu. Miyuwon ƙwaya ce kamar elektron amma ta fi nauyi, kuma ƙwayar Z takan farfashe ta zama miyuwon biyu, don haka daga su zaka gano ta. Kar ka kuskura ka taɓa manyan fayilolin nan, datarka zata ƙare kafin ka ga komai, ƙaramin ya isa. Ka buɗe shi da Python cikin Google Colab, kada ka wahalar da laftof ɗinka da zafin garin nan ga kuma wuta da ba ta zama.

Sai ka tace, ka bar layukan da cajin miyuwon ɗin ya saɓa, ɗaya fositib ɗaya negatib, tunda Z ba ta da caji. Nauyin ƙwayar da ta haifi miyuwon biyun kuwa lissafa shi da hannunka ko da fayil ɗin ya zo da shi: haɗa E1 da E2 (ƙarfin miyuwon biyun) ka ninka da kansa, sai ka haɗa px na biyun, haka py da pz (momentum ɗinsu), ka ninka kowace jimilla da kanta ka cire su, ka ɗau sikwaya rut.

To ga inda ake faɗuwa, histogiram, wato zanen da ke raba nauyin gida-gida ya ƙirga nawa suka faɗa kowane gida. Sa shi a ma'aunin log, in ba haka ba ƙananan tuddai duk zasu ɓace maka. Zaka ga tudun ƙwayar J/psi wajen 3.1 GeV (ma'aunin nauyin ke nan), na ƙwayar upsilon wajen 9.5, sannan Z a 91. Matsalar ita ce mutum ya yanka gidajen ƙanana ƙanana sai tsini ya fito ko'ina, shi kuma ya ɗauka ya gano abin da ya wuce Sitandad Model, ka'idar da ke bayanin duk ƙwayoyin da aka sani. Ɗan'uwa, gidan da ke da 100 yana iya hawa ko sauka da 10 haka kawai, sikwaya rut ɗin adadin ke nan, kuma in gidajenka ɗari biyu ne dole wani ya yi tsalle. Ni kaina na kwana biyu ina murna da wani tudu tsakanin upsilon da Z, ashe na'urar da ke zaɓen karon da za a adana ce ta haifar da shi, don sai miyuwon ya kai wani ƙarfi take riƙe shi, wallahi ranar na ji ba daɗi sosai. Manya ma ya same su, a 2015 CMS da takwararta ATLAS sun ga alama a 750 GeV, aka yi ta rubuce-rubuce, da ƙarin bayanai suka zo a 2016 ta ɓace. Shi ya sa sai an kai sigma 5, wato tudun ya ninka irin wannan hawa da saukar sau biyar, ake cewa an gano, kamar ƙwayar Higgs a 2012. Canza faɗin gidajen sau uku, tudun da ya gudu ba tudu ba ne.

Daga nan ka yanke 80 zuwa 100 GeV, ka ɗora layin Breit-Wigner, lissafin da ke zana siffar irin wannan tudu, ka gwada tsakiyarsa da 91.19, sanannen nauyin Z. Faɗin zai ɗan wuce 2.5 GeV na asali saboda iyakar kaifin na'ura, ba laifinka ba ne. Rubuta amsarka tare da kuskurenta ka kai wa malaminka ya duba.